Aibi na Ashirin da Uku

Zuwa ga ƙanena Farfesa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta jini ɗaya, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da ƙanwata uwar 'ya'yanka, da tagwayen nan naka da suka kwaso goshinka, Allah dai ya sa ba su haɗa da rowar murmushinka ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a allin da kake rubutu da shi, ya ba ka haƙurin ɗaliban da suke ganin lissafi kamar dodo, don da na daɗe a aji da ni ne shugabansu. Na san ka sha gaya min kai ba farfesa ba ne, malamin lissafi ne kawai. To a gidan da yayanka ya ajiye allo a aji biyar, duk wanda ya wuce nan farfesa ne, sai ka haƙura da sunan.

A daidai nan ya kamata in rubuta maka cewa mu ma lafiya lau muke, ba abin da ke damunmu sai kewarku. Shekara goma sha tara ke nan ina gaya maka haka tun da ka tafi, a waya da a takarda. Yau ba zan rubuta ba. Ka bar wurin a buɗe, zan cike shi a ƙarshe. Kada gabanka ya faɗi, ba wanda ya rasu. Inna tana nan da ƙarfinta, kunnen ne dai ya yi nauyi, sai fa in ana maganar da ba a so ta ji, nan take yake warkewa. Matata, wadda har yau nake kira Gwamnati saboda ita ce doka, ita ce kotu, ita ce ɗan sanda a gidan nan, gwiwarta ta yi sauƙi. Babbar 'yarmu da mijinta mai kantin magani suna lafiya, jaririnsu ya fara rarrafe, kuma wayar rediyona ya fara kai wa hari. Rufin ɗakin baya da yake yoyo an gyara shi, yanzu a wani wurin daban yake yoyo.

Za ka ce me ya hana ni ɗaukar waya in kira ka, na zauna ina wahalar da biro da wannan rubutun nawa mai kama da tonon kaza. Wayar ce ai matsalar. A waya bakina yana riga ni magana. Ka tuna wata biyu da suka wuce ka kira kana tambayar yadda jarrabawar ɗiyarka ta kasance, na ce maka lafiya lau, ana jiran sakamako? Ƙarya na yi maka, ƙanena, Allah ya yafe min, kai ma ka yafe. A lokacin sakamako ya riga ya fito, kuma ta faɗi.

Ina nufin autata, wadda kai da bakinka ka laƙaba wa suna Bakomai tun ranar da ta faɗo daga kan katanga ta karye a hannu, kana tambayarta tana ce maka ba komai. Sunan ya bi ta har barikin sojan sama. Yau kyaftin ce, shekararta bakwai tana tuƙa jirgin yaƙi, ni kuwa ubanta har yanzu in na hau tsani na uku sai na ji jiri. Ka san abin da ta sa a gaba, tunda kai ka yi ta fama da ita a waya kan lissafi, amma bari in faɗa maka yadda ta fahimtar da ni da harshen direbobi. In an ƙera sabon jirgi, ko an sauya wa tsoho inji, ko an ɗaura masa wani abu a fiffike, dole a sami mutum ɗaya da zai fara tashi da shi kafin kowa. Zai matsa masa, ya juya shi, ya kai shi bakin iyakar abin da zai iya ɗauka, sannan ya sauko ya rubuta halinsa dalla-dalla, domin waɗanda za a ba wa jirgin daga baya. Su ne matuƙan gwaji. Makarantarsu mutum shida take ɗauka a shekara, kuma sau biyu kawai ake barin mutum ya nema. In ya faɗi na biyu, ƙofa ta rufe har abada.

Lissafi ta ci, albarkacinka. Likitoci sun juya ta ba su sami komai ba. Tambayoyin baki ta wuce. Sai aka zo na ƙarshe: aka ba ta wani jirgi da ba ta taɓa shiga ba, wani tsohon Kanar mai furfura har a gira yana zaune a bayanta, aka ce ta tashi, ta zaga, ta sauka, sannan ta rubuta yadda ta ji shi, ta ba shi maki daga ɗaya zuwa goma. Ɗaya shi ne lafiyayye sumul, goma shi ne kowa ya yi ta kansa. Ashe jirgin yana da wata na'ura da malaman suke murɗawa su sauya masa hali, su mayar da shi mai taurin kai da gangan. Ta tashi, ta zaga, ta sauke shi kamar an ajiye ƙwai a kan katifa. Ta rubuta rabin shafi, ta ba shi maki biyu.

Kanar ya kira ta ofis. Ya ce mata a shekara ashirin bai ga hannu irin nata ba, kuma ba zai ɗauke ta ba. Ya nuna mata abin da na'ura ta naɗa: hancin jirgin yana ta sama da ƙasa wajen sauka, hannunta kuma yana gyara shi kusan sau arba'in a minti ɗaya, ita ba ta ma sani ba. Ya ce jirgin da ta ba wa biyu, bakwai ya cancanta. Ya ce in ta sa hannu cewa jirgi lafiya yake, gobe za a miƙa shi ga wani sabon matuƙi mai hannu irin na kowa, kuma in ya faɗo ba ita za ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar uwarsa ba, shi zai je. Ya ce ba gwani yake nema ba, gwanaye sun cika masa bariki. Mai kai ƙara yake nema, wanda zai sauko ya tona wa jirgi asiri. Ya ba ta mako biyar kafin zama na biyu.

Ta ɗauki hutu ta zo gida. Ka san abin da ta ce da muka tambaye ta. Ta ci abinci, ta wanke kwanoni, ta shafa wa uwarta magani a gwiwa, ta yi wasa da jariri. Gwamnati, wadda dama tun farko ba ta son maganar gwajin nan, ta ɗauko shawarar da ka taɓa bayarwa, cewa ta bar soja ta koma jirgin fasinja, a zauna lafiya, ana ba mutane shayi a sama. Da a da ne, da ɗiyarka ta yi dariya ta sauya magana. Wannan karon tabarma kawai ta tsura wa ido. Wannan ya tsorata ni fiye da faɗuwar. Na gane ta fara yarda cewa abin ba nata ba ne, kuma ba ta san ma ina za ta kama ta gyara ba. Yaya mutum zai gyara laifin da aka ce masa shi ne ƙwarewarsa?

A rana ta uku ina da dakon ƙofofi daga wurin kafinta zuwa wani gini a bayan gari, sai ta ce in kawo makulli ita za ta ja. Kada ka tambaye ni ko har yanzu ina da a-kori-kurar nan. Mai Tari tana nan, kuma har yanzu sai ta yi tarinta uku kafin ta tashi. Na zauna a gefe ina kallon titi, can idona ya sauka kan yarinyar nan. Ƙanena, na ga abin mamaki. Gwiwarta tana tokare da sandar giya don kada lamba uku ta fice. Kafin kowace kwana ƙafarta tana buga birki sau biyu da sauri, na farko na banza, na biyu shi ke kamawa. Sitiyari a karkace yake a hannunta amma mota tana tafiya sak. Duk wannan tana yi tana ba ni labarin wata abokiyar aikinta da ta haifi 'yan uku. Da muka sauke kaya na tambaye ta yaya ta ji motar. Ta ce ba komai, Baba, garau take.

Wallahi nan take na gane inda matsalar take. Na tuna wanda ya koya mata tuƙi tana da shekara goma sha shida, a cikin wannan motar, a filin bayan kasuwar katako. Na tuna ranar farko da ta ce Baba motar tana ja hagu, na daka mata tsawa na ce direban kirki ba ya kai ƙarar motarsa, hannunsa yake gyarawa ya rufa mata asiri. Ta ce birki ba ya ci, na ce ƙafarta ce ba ta ci. Ban taɓa karanta littafin koyarwa ba, amma wannan darasin na dasa shi da kyau, har ya hau sama da ita ya sauko. Kanar yana can yana neman inda cutar ta samo asali, ga ta nan zaune a gefen direba, sanye da hula, tana sakace haƙori.

Na ce tunda a makarantata aka ɓata, a makarantata za a gyara. Da safe na sayo littafin rubutu mai shafi arba'in da farin tef. Na ajiye Mai Tari a fili, na miƙe tayoyinta, na liƙa tef a saman sitiyari daidai inda ƙarfe goma sha biyu yake a agogo. Sannan na aika aka kira min surukina mai kantin magani. Ka san shi, mutumin kirki, mai natsuwa, shekara goma yana tuƙa 'yar motarsa mai sauya giya da kanta, ko kaza bai taɓa takawa ba. Na ce masa taimako nake nema, ya ja motar nan daga bakin fili zuwa wancan turken wuta, a miƙe. Ya yi bismillah ya shiga da fararen kayansa. Ba zan tsawaita ba, don suruki ne kuma yana da haƙƙi a kaina. Lamba uku ta fice masa, ya duƙa yana nemanta, mota ta kama hanyarta ta hagu, ya taka birki sau ɗaya kamar yadda duniya take yi, birki ya ce bai san zancen ba. A cikin tulin yashin masu bulo suka tsaya, shi da ita. Ya fito yana karkaɗe riga, ya ce cikin ladabi wai Baba, da wannan abin kake ɗauko mana jariri? Na ce wa ɗiyarka ta dube shi da kyau, wannan shi ne sabon matuƙin da Kanar yake magana, kuma ita ce jiya ta sa hannu cewa motar garau take.

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga, ta ja, na ce ta dubi tef. Mota tana tafiya a miƙe, tef yana kallon ƙarfe biyu. Ta daɗe tana kallonsa kamar ba hannunta ba ne yake riƙe da sitiyarin. Na ce mata daga yau doka ɗaya ce: duk abin da hannunta ko ƙafarta ko gwiwarta ta yi, bakinta ya faɗa da ƙarfi a lokacin, ni kuma ina rubutawa. Hannun ya riga ya yi digiri, bakin ne yake aji ɗaya, sai mun jawo shi sun jera.

Kada ka ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ranar farko mun ƙona mai tun safe har azahar, aibi uku kawai ta iya faɗa, su ma sai da na riƙa zungurinta da biro ina cewa me ƙafarki ta yi yanzu. Ta ce tana jin kamar gulmar wani take yi a gabansa. Na ce gulma ce mana, kuma ita za a ɗauke ta aiki ta riƙa yi. A rana ta huɗu bakin ya buɗe, sai na fara nadamar buɗe shi. Kuloci yana kamawa a can sama, kusa da gemun mutum. Allurar gudu ta mutu tun kana saurayi. In an wuce lamba uku da kaya a baya, gaban motar yana yin sauƙi kamar zai ɗaga. Madubin gefe yana sunkuyawa da kansa in an faɗa rami. Ƙofar direba sai an ɗaga ta da kafaɗa take rufuwa. Ina rubutawa ina jin zafi kamar 'yata ake kushewa a gabana, har na riƙa kare ta, ina cewa ai wannan ba aibi ba ne, hali ne. Sai ta ce Baba rubuta. Ita kuma ta koya min nata ɓangaren: wai bai isa a ce abu ba shi da kyau ba, sai an faɗi a wane gudu, da wane nauyi, me direba ya yi ya tare shi, kuma me zai faru da wanda bai san ya yi hakan ba. Kowane aibi sai mun tambayi kanmu, in suruki ne fa? Bawan Allah bai san ya zama ma'auni ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi, muka tsaya a aibi ashirin da biyu. Ta ba Mai Tari maki takwas. Na roƙi a mayar bakwai saboda zumunci, ta ƙi.

Ana jibi za ta koma, ta ce saura abu ɗaya rahoto ya cika: tana so ta zauna a gefe ta ga yadda mai motar yake tuƙa ta. Na ji daɗi, na ce yau za ta ga aikin manya. Na zaga da ita cikin gari, na bi ta shataletalen asibiti, na ratsa layin masu walda, ina ta zuba, ita kuma tana ta rubutu. A wata mahaɗa na ce ta karanto min abin da aka rubuta a allon can, ta san ubanta bai gama makaranta ba. Ta karanta min. Da muka tsaya a gindin bishiyar bakin kasuwar katako, rana tsaka, ta miƙo min littafin. Mun fito muna tsaye, tana ta haguna, amma ta ɓangaren dama ta miƙo shi, ta zagayo da hannunta, a nan na fara jin wani abu.

Ta rubuta aibi na ashirin da uku, kuma ba na mota ba ne. Ta rubuta cewa direba yana juya kansa gaba ɗaya a kowace mahaɗa kafin ya ga abin da ke hagunsa. Yana barin fili mai yawa ta hagu, yana matse ta dama. Sau biyu babur ya zo ta hagu, bai san da shi ba sai da ya ji ƙara. Yana sa a karanta masa allon hanya da sunan bai yi makaranta ba, alhali shi ya cika shafi talatin na wannan littafin da hannunsa. Ta ce alamu sun nuna idon hagu ba ya gani, kuma direba ya daɗe yana rufa masa asiri da gwaninta. A ƙasa ta rubuta cewa ba ta amince ya sake hawa titi ba sai likita ya duba shi. Ta ja layi inda zan sa hannu.

Ƙanena, na yi faɗa. Na ce ni na haife ta ba ita ta haife ni ba. Na ce mota aka ce ta duba, ba mai mota ba. Na ce shekara talatin da huɗu ina kan titi, wace ce ita, don an ba ta jirgi. Masu katako har sun fara leƙowa. Ta bari na gama. Ta ce ni na kafa dokar cewa duk abin da ta gani ta faɗa. Ta tambaye ni lotsawar da ke gefen hagu na motar, wadda na ce wa kowa ƙofar gareji ce, ko da gaske ƙofar gareji ce. Ba ita ba ce. Wani mai keke ne, wata takwas da suka wuce, ban gan shi ba sam, Allah ya tsare ƙafar wandonsa kawai ta yage. Ban gaya wa kowa ba sai yau da nake gaya maka. Sai ta miƙo min biro ta ce ga shi, littafina ne, motata ce, in na ga dama in soke layin. Ba za ta gaya wa kowa ba, har uwarta. In an tambaye ta, za ta ce ba komai.

Wannan kalmar ce ta kashe min jiki. Na ga abin a fili, har da idon da ba ya gani. In na soke layin nan, kwana goma sha ɗayanmu sun tafi a banza. Na koya mata ke nan cewa ana faɗin gaskiya a kan ƙarfe, amma in ta zo kan babba, ko kan wanda ake jin nauyinsa, sai a haɗiye. Kuma gobe wanda ya ƙera jirgin zai tsaya a gabanta da furfurarsa da taurarinsa a kafaɗa yana cewa ai ba aibi ba ne, hali ne. Na riƙe biron nan ya yi min nauyi kamar buhun siminti. Na sa hannu. Na zare makulli na miƙa mata, ita ta ja mu gida.

Ranar Talatar da ta wuce ta kira. An sake ba ta jirgin, an sauya masa wani halin daban. Ta ce tun daga tashi bakinta yake aiki, har Kanar ya ce ta rage saurin magana na'ura ta samu ta naɗa. Shafi biyar ta rubuta. Ta kama abin da suka ɗana mata, ta ba shi bakwai, sannan ta ƙara da wani da ba su ɗana ba: wani maɓalli da gwiwar mutum take iya taɓawa in an yi juyi mai tsanani, shekara da shekaru kowa yana kauce masa ba wanda ya rubuta. Kanar ya tambaye ta ina ta je a mako biyar. Ta ce wani horo na musamman ta yi, a kan wata tsohuwar na'ura mai aibi ashirin da biyu. Ya ce wa ya horar da ita, yana son ganinsa. Ta ce ai an dakatar da shi daga aiki, kuma ita ta dakatar da shi. Wai ya yi dariya har da tari, ya ce a gaishe ni. An ɗauke ta, Farfesa. Tana cikin shidan.

Ba zan ce maka ba na tsoro ba, tunda yanzu an hana ni irin wannan maganar. Ina tsoro. Na san aikin da na taimaka mata ta samu: ita za ta riƙa shiga abin da ba wanda ya san halinsa. Gwamnati ta yi kuka, ta ce da hannuna na tura ta, kuma gaskiya ta faɗa. Amma na zauna na yi lissafina na ɗan aji biyar. Dole wani ya fara hawa. In ba a sami mai faɗin gaskiya ya hau ba, 'ya'yan wasu ne za su gano aibin, kuma ba za su sauko su rubuta ba. Yarinyar nan tana da hannun da zai dawo da ita ƙasa, yanzu kuma tana da bakin da zai dawo da wasu. Ba zan tsaya mata a hanya ba, kuma ina roƙonka kai ma ka ajiye maganar jirgin fasinja, na san don ƙauna ka kawo ta. Makarantar tafiyar awa uku ce a jirgin ƙasa daga inda kake, farkon wata mai zuwa za ta iso, shekara guda za ta yi. Gidanka ne gidanta. In ta zo hutun ƙarshen mako ka tambaye ta yaya karatu ta ce ba komai, kada ka karɓa. Ka ce mata nawa ne a cikin goma.

Yanzu bari in cike wurin da na bari a sama. Idona na hagu yanar ido ce ta rufe shi, shekara biyu ke nan, na dama ma ta fara taɓa shi. Suruki da kansa ya kai ni asibiti, a motarsa, bai yi min gorin yashi ba ko sau ɗaya. Likita ya ce abin gyaruwa ne, ranar tara ga wata za a yi aikin, kuma ina jin tsoron wuƙarsa fiye da yadda zan iya faɗa a gaban Gwamnati. Bayana yana ciwo in na daɗe a zaune, wannan ka ba shi huɗu. Zaman gida ba tuƙi ya kai shida, don yanzu ni ake aike sayen albasa a ƙafa. Kewarka kuwa ta kai tara, wato da ƙyar ake sarrafa ta, kuma shekara goma sha tara ina tokare ta da gwiwa. Kai ma muryarka ba ta yi min daidai ba a kiranmu na ƙarshe. Ina jiran naka rahoton, a rubuce, kada ka rage komai.

Makullin Mai Tari yana cikin jakar Gwamnati, ka san kuwa ko sojan sama ba su isa su ƙwato shi ba. Amma kullum da safe ina tafiya gareji da littafin nan, ni da bakanike muna bin aibin ɗaya bayan ɗaya. Mun kashe huɗu, birki ne na farko. Ban cire farin tef ɗin ba. Na yi wa kaina alkawari, in Allah ya kai mu ranar da ɗiyarka za ta dawo da takardar gama makarantar nan, ni zan je tasha in ɗauko ta, da idona biyu, mota tana tafiya a miƙe, tef yana kallon ƙarfe goma sha biyu. Sannan in miƙa mata littafin ta sake ba mu maki.

Ka gaishe min da ƙanwata da kyau, ka ce mata baƙuwarta ba ta da zaɓen abinci amma tana da ci. Ka shafa min kan tagwaye, ka ce su shirya tambayoyinsu, yayarsu mai jirgi tana tafe. Inna tana sa muku albarka, ta ce ka turo hoto wanda kake dariya a ciki, in akwai. Gwamnati tana gaisuwa, babbar 'yarmu da mijinta suna gaisuwa, bakanike ma ya ce in gaishe da Farfesa ko da ba ku san juna ba. Allah ya tsare mana ita a sama da ƙasa, ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu ina ganinka da kyau.

Naka har kullum,
Yayanka,
aibi na ashirin da uku, wanda ake kan gyarawa.